Sawun Tilo a Bayan Rijiya

Da safen da aka gano an ɓamɓare katakon rijiya, ina rumfata ina fama da wani takalmi da ya kamata mai shi ya haƙura da shi tun bara. Sai na ji ihu daga layin baya. Na ajiye basilla na bi mutane da sauri, don a kwanakin nan ihu a unguwarmu ba ya zuwa da alheri.

Amai da gudawa ne ya shigo mana bayan wani ruwan sama mai ƙarfi. Malamar asibiti ta zo da 'yan kwalabenta, ta ɗebi ruwan rijiyarmu, ta dawo ta ce kwalara ce, kuma daga rijiyar take. Wani masai da ke kusa ne ya rufta, ƙazantarsa ta bi ta ƙarƙashin ƙasa ta shiga ruwan. Aka rufe bakin rijiyar da katako da kwanon rufi, aka zagaye da sarƙa, aka danna kwaɗo. Kullum da safe motar ruwa ta zo, mu yi layi da bokitai. Ruwan motar yana warin magani, kowa yana tsaki yana sha, amma dai cutar ta lafa. Har mun fara dariya a majalisa.

Sai ga ta ta dawo a gida uku: gidan tsohon direba, gidan wata mai jego, da gidan mai walda. A gidan mai walda ta ɗauke ɗansa, yaron da bai daɗe da shiga makaranta ba. Washegarin binne shi aka ga katako ɗaya na bayan rijiyar a kwance, an zare ƙusoshinsa, kwaɗon kuwa yana nan a kulle lafiya lau.

Ko da na isa, har an kamo ɗan ga-ruwa. Baƙo ne a cikinmu, dogo, ba ya magana sai an tambaye shi, kuma a ranar tashin hankali irinsa ake fara tunawa. An kifar da kurarsa, jarkokinsa suna ta zuba a ƙasa. Mai walda ya shaƙe masa wuyan riga, idanunsa jajur, ɗaya hannun riƙe da guntun rodi.

"Wa ke shiga gida-gida da ruwa in ba shi ba?" in ji mai walda. "Ku bar ni da shi!"

"Wallahi ban taɓa rijiyar nan ba," ɗan ga-ruwa yake ta maimaitawa, leɓensa yana jini.

Matasan da ke gadin rijiyar kowane dare sun rantse ko kyanwa ba su gani ba. Jin haka wasu mata suka fara raɗa cewa abin ba na mutum ba ne. Mai unguwa ya shiga tsakani da kyar, ya sa aka kulle ɗan ga-ruwa a ɗakin ajiyarsa don a tsira da ransa. Mai walda ya ce ya ba da wa'adi zuwa faɗuwar rana, in ba a kawo masa wani ba, ƙofar ɗakin ajiya ba ta fi ƙarfin rodinsa ba.

Malamar asibiti ba ta tsaya sauraron zancen aljanu ba. Ta ce a mayar da katakon nan take, a zubar da duk ruwan da ke randunan gidajen nan uku, a wanke su da magani. Mai unguwa ya share gumi ya ce, "A kira mini Duba-ƙasa."

*

Duba-ƙasa abokina ne tun muna yawo ba wando. Sana'arsa bin sawu. In an sace akuya ko saniya, shi ake kira, ya sunkuyar da kai ya bi ƙasa har ƙofar ɓarawo. Bai iya kallon fuskar mutum ba, ta ƙafa yake gane ka. Nakan tsokane shi in ce har yau bai san kamannin matarsa ba, shi kuma ya ce ai sawunta ya gani a bakin rijiya ya bi har gidan ubanta, kuma bai yi asara ba. Ni yana kirana Sarkin faci.

Amma tun da cutar ta shigo ba mu yi wasa ba. 'Yarsa ce ta fara tafiya, ita kaɗai Allah ya ba su, shi ya sa kowa ke ce mata Tilo. Yarinya mai surutu, ta fara zama budurwa. Daga ranar da aka fita da ita, gidan ya yi shiru irin wanda in ka shiga sai ka rage muryarka.

Ya iso a rame, ya kori mutane da hannu, ya zagaya bayan rijiyar, inda wani siririn lungu ya ɓulle tsakanin katangu. Gaban rijiyar an tattake shi kaf, amma a gindin katangar lungun akwai laka da ba ta gama bushewa ba. Ya tsuguna. Ya daɗe a tsugune har na ƙosa.

"Sarkin faci," ya ce, bai ɗago ba. "Zo ka gaya mini idona ne ya lalace."

Na tsuguna kusa da shi. Sawun ƙaramin takalmi ne, na hagu. A dugadugin akwai faci na guntun taya mai kusurwa uku, da alamar ƙusoshi uku, ɗaya ta ɗan fi sauran fitowa. Ni na yanka facin nan da hannuna. Ranar da na gama, ƙusar tana buga ƙasa ƙwas-ƙwas, na ce ta kawo in danne ta, yarinyar ta fizge takalminta tana dariya ta ce, "Bar ta, Baba, ina so duk inda na je a san na zo."

"Ka yi magana mana," in ji shi.

"Aikina ne."

"Na wa?"

"Ka sani."

Ya taɓa gefen sawun da ɗan yatsa. "Wannan bai kwana biyu ba. Ita kuwa ta daɗe a ƙasa." Ya miƙe, gwiwarsa ta yi ƙara. "Kada ka gaya wa kowa. Zo mu je."

*

Ɗan ga-ruwa yana zaune kan buhu a ɗakin ajiya, ya haɗa kai da gwiwa.

"Ɗaga ƙafarka," in ji Duba-ƙasa.

Ya ɗaga. Ƙafa ce kamar faranti, cikin takalmin roba da ya ga duniya.

"Ina kake ɗibar ruwa?"

"A motar, Baba. In ta tafi, sai famfon bakin titi. Ku shinshina jarkokina."

Mun riga mun shinshina, warin magani har cikin hanci. Duba-ƙasa ya tambaye shi ko yana kai ruwa gidan mai walda, ya ce yana kaiwa, kamar yadda yake kai wa rabin unguwa.

"Gugarka fa?"

"Tana nan a ɗaure a kura. Tun da aka rufe rijiya ban jiƙa ta ba."

Da muka fito Duba-ƙasa ya ce mini ramin da aka buɗe bai fi tafin hannu biyu ba, gugar ɗan ga-ruwa ko an lanƙwasa ta ba za ta shiga ba. A gefen katakon kuma akwai gogewar siririyar igiya, irin ta shanya. Wanda ya yi wannan, gwangwani yake zurawa, kaɗan-kaɗan yake ɗiba. Mai neman ciniki ba ya wahalar da kansa haka.

Jin an ce igiyar shanya, wani matashi ya ce to ai mai wanki ne. Dama an daɗe ana mamakin yadda kayan da yake wankewa ba sa warin magani. Muka same shi a saman soronsa yana shanya zannuwa, ya gan mu ya fara rantsuwa tun ba a tambaye shi ba.

"Na rantse da wanda ya halicce ni ban je rijiya ba! Kududdufin bayan makaranta nake zuwa. Layin motar nan sai mutum ya tsufa a ciki, ga kayan mutane jibge."

"Kududdufi?" na ce. "Rigar da na sa jiya kenan a ruwan kwaɗi ka wanke ta?"

"Ai ta fita fes, Baba."

"Malamar asibiti za ta fitar da kai fes," in ji Duba-ƙasa. Ya leƙa ta saman katanga. Daga nan ana hango bakin lungun. "Kana ganin masu shiga can?"

"Wa zai shiga? Sai dai wata mata da na taɓa hangowa, sau biyu ko uku."

"Da dare?"

"Wane dare? Rana tsaka, lokacin da ko kaji sun nemi inuwa. Ni kaɗai ke sama a lokacin, don sana'ata ta rana ce."

"Wace ce?"

"Baƙin mayafi kawai na gani. Rana ta take, idona yana ruwa. Amma tafiyarta wata iri ce, kamar mai taka ƙaya."

Matasa suna ta kwana a bakin rijiya da fitilu da sanduna, ashe mai zuwa ba ta taɓa jiran duhu ba.

*

Tsohon direba ya tsallake, amma ya koma kamar tsumma. Dama ciwon baya ne ya kwantar da shi tun kafin cutar. Muka same shi a kan tabarma, jikarsa tana ba shi ruwan gishiri da sukari da cokali. Ya kori yarinyar, ya jawo hannun Duba-ƙasa.

"Ban gaya wa kowa ba, kada a ce tsufa ya taɓa mini kai," ya ce a hankali. "'Yarka ta zo nan."

Duba-ƙasa ya matso kusa, tsohon ya ci gaba.

"Rana tsaka ce, mutanen gida sun kwanta. Idona a rufe, ina jin ƙishi kamar in mutu, ga ruwan motar nan na ƙi shi, yana tayar mini da zuciya. Sai na ji ƙwas, ƙwas, ƙwas, daga zaure har bakin ƙofa. Duk unguwar nan wa bai san takun nan ba? Na kasa buɗe ido don tsoro. Aka ɗago kaina, aka sa mini kwano a baki. Ruwa mai sanyi, mai daɗi, irin na da. Na sha har na ƙoshi. Na ji an juye sauran a randa, aka fita. Kwana biyu bayan nan gidan nan kowa ya kwanta."

"Ta yi magana?"

"Kalma ɗaya. Ta ce, sha."

Muka fito cikin rana, amma ni sanyi nake ji. Na yi shekaru ina yi wa masu zancen fatalwa dariya, ranar nan dai dariyar ba ta zo ba.

Duba-ƙasa ya aro tsintsiya da rariya, ya roƙi toka a wani gida. Ya share bakin lungun tas har gindin katakon da aka mayar, ya tankaɗe toka a kai, lallausa kamar hoda. Ya ce wa matasa su watse, kowa ya tafi gida. Sannan ya bi ni rumfata ya zauna a benci, ya juya wa layin rijiya baya.

"Ba za mu laɓe mu gani ba?" na ce.

"Ni ba na kama mutum da ido."

Ƙarya yake yi, na san shi. Tsoron gani yake.

"Ka tambayi Maman Tilo inda takalman suke?"

"Ban tambaya ba."

"Don me?"

Ya ɗauki wani guntun fata yana murzawa. "Tun da aka fita da yarinyar, uwar ba ta cika magana ba. In na fita tana zaune, in na dawo tana zaune. Dubiya kaɗai ke fitar da ita. Ta ji an ce wani ba shi da lafiya, ko ciwon kai ne, sai ta yafa mayafi."

Ya ci gaba, idonsa a kan fatar.

"Ka san abin da Tilo ta yi ta roƙo? Ruwa. A lokacin ba wanda ya san mece ce cutar. Duk abin da ta sha sai ya dawo, sai maƙwabta suka ce a daina ba ta, ruwan ne ke ƙara gudawar. Ni ma na ce haka. Na ɗauke kwanon da hannuna na ɗora a saman katanga. Tana cewa, Mama, ko kurɓi ɗaya, na rijiya, mai sanyi. Uwar tana riƙe da ita tana kuka tana cewa ki yi haƙuri, gobe. Da malamar asibiti ta zo daga baya, a gaban matan unguwa ta ce wannan cutar ƙishi ne ke kisa a cikinta, duk wanda ta kama a yi ta ba shi ruwa mai tsabta. Ina kallon ƙafafun matata lokacin. Yatsunta suka lanƙwashe cikin ƙasa."

Rana ta take sosai. Titi ya mutu, ko mai talla babu. Muna zaune, ban sani ba ko kunnena ne, na ji kamar wani abu yana buga ƙasa can nesa, ƙwas, ƙwas. Na dubi abokina. Ya rufe ido.

*

Da inuwa ta fara juyawa muka koma lungun. Tokar ta karɓi komai. Sawu ya shigo, ya tsaya a gaban katakon ƙafa biyu a jere. Ga alamar gwiwoyi inda aka durƙusa, ga zanen yatsu inda aka yi ta jan katakon ya ƙi. Ga da'irar gindin kwano. Sannan sawun ya juya ya fita.

Facina yana nan da ƙusoshinsa uku. Amma toka ta nuna abin da laka ta ɓoye. A bayan kowane dugadugin takalmi akwai ɗan lanƙwasan fatar ƙafa, inda ƙafar ta fi takalmin tsawo ta sauka ƙasa. A na hagu akwai faso, tsaga ɗaya da ta rabu biyu kamar reshe.

Duba-ƙasa ya sa yatsa a kan tsagar, a hankali kamar mai tsoron ya ji mata ciwo.

"Ni nake shafa mata mai a wajen nan," ya ce. "Duk sanyi sai ya buɗe."

Wani ɓangare na zuciyata ya yi hamdala da ba matacciya ba ce. Sauran ya gwammace a ce ita ce.

"Tun sawun farko ka sani," na ce.

"Tun na farko. Na yi ta yawo da kai ne ko Allah zai sa ƙasa ta canja magana."

Na dubi lungun, ba kowa. Na ɗaga ƙafata. "Toka ce fa. Iska ma tana iya share ta."

Ya riƙe mini idon sawu da ƙarfin da ban san yana da shi ba.

"Ɗan ga-ruwa fa? Shi ba ɗan wani ba ne?" Ya sake ni. "Kuma ta san wata rijiyar a bayan kasuwa, wadda ita ma aka rufe. Gobe can za ta nufa."

*

Kafin rana ta faɗi unguwa ta taru a ƙofar mai unguwa. Aka fito da ɗan ga-ruwa aka zaunar. Mai wanki yana gefe yana zare ido, an kawo tsohon direba a kujera, malamar asibiti tana tsaye da jakarta. Mai walda ya jingina da katanga, rodin yana hannunsa.

Duba-ƙasa ya tsaya a tsakiya, kansa a sunkuye kamar kullum.

"Ɗan ga-ruwa bai je rijiya ba," ya ce. "Ƙafarsa ba ta can, gugarsa ba ta shiga ramin. Mai wanki yana da laifinsa, amma na kududdufi ne, malama za ta ji da shi. Wadda ta ɗebi ruwan mace ce. Da gwangwani take ɗiba, rana tsaka, ta zuba a kwanon sha ta rufe da mayafi. Ba ta sayarwa. Gidan da ta ji akwai mara lafiya take kaiwa."

"Wace ce?" in ji mai walda.

"Sawun ya fito daga gidana. Gidana ya koma."

Wurin ya ɗauki guna-guni. Tsohon direba ya fara salati. Sai daga bakin layi aka ji ƙwas, ƙwas, ƙwas. Wallahi na ga manyan maza sun ja da baya, wata mata ta toshe bakinta da mayafi. Mutane suka dare biyu.

Maman Tilo ce, cikin baƙin mayafi, tana ɗingishi a takalman da suka yi mata kaɗan, kwanon sha a hannunta babu komai ciki. Ba ta ko lura da taron ba. Wajen mijinta ta nufa.

"Baban Tilo, tun ɗazu nake nemanka. An toshe rijiyar. Zo ka buɗe mini, mai jegon nan tana jin ƙishi."

Malamar asibiti ce ta matso, ta riƙe gefen kwanon.

"Mama, ke kike kai musu ruwan rijiya?"

"Ni ce. Ba ke kika ce ƙishi ne ya kashe mini yarinya ba?"

"Na faɗa, Mama. Na kuma ce ruwan rijiyar nan ne ya kwantar da ita tun farko."

"A'a." Ta girgiza kai kamar mai gyara wa yaro karatu. "Ruwan da nake sha tun ina amarya? Ki duba shi, garau yake, har fuskarki za ki gani. Jiya ma na sha, ga ni a tsaye. Na motar ne ke wari, marasa lafiya ba sa iya haɗiye shi."

"Warin nan shi ne ke kashe cutar, Mama. Ita ba a ganinta da ido, kuma ba kowa take kwantarwa ba. Wani ya sha ya tashi, wani ya sha ya tafi."

Maman Tilo ta juya tana neman wanda zai goya mata baya, idonta ya faɗa kan mai walda. Fuskarta ta yi laushi.

"Kai ka faɗa mata. Ɗanka ya ture na motar, ya ce yana wari. Nawa kuwa ya shanye tas, har ya ce, Mama, ƙara mini. Na ƙara masa. Ban bar shi da ƙishi ba."

Na matsa kusa da abokina, don na ga mai walda ya bar jikin katanga da rodinsa. Duba-ƙasa ya taka ya tsaya tsakanin rodin da matarsa, kuma karo na farko a sanina ya ɗago kai ya dubi mutum cikin ido.

"Zazzaɓi ne kawai yake yi," in ji mai walda. Muryarsa ta koma ta yaro. "Zazzaɓi ne kawai. Har ya fara cin abinci."

Maganar ta daɗe kafin ta isa inda za ta. Muna kallo ta isa. Kwanon ya suɓuce ya yi ta juyi a ƙasa. Maman Tilo ta zauna daɓas a cikin ƙura, ta dubi ƙafafunta, ta cire takalman ɗaya bayan ɗaya ta rungume su.

"Baban Tilo," ta ce, "ni ce?"

Ya durƙusa a gabanta. Da zai iya yi mata ƙarya da ya yi, na ga yana nema.

"Ke ce," ya ce.

Mai walda ya saki rodin ya tafi, ba wanda ya tare shi. Jim kaɗan ya dawo yana jan injinsa da faffaɗan ƙarfe a kan kura. Shi kaɗai ya ɗora shi a bakin rijiyar, ya ƙi a taimaka masa. Ya yi ta walda yana zagayawa, ya gama ya sake bi, tartsatsi yana zuba a kan tokar, har babu inda allura za ta shiga.

*

Hukuma ta zo ta yi tambayoyinta, malamar asibiti ta yi bayani, ba a tafi da kowa ba. Mai jego da jaririnta sun tashi. Cutar ba ta sake kama wani ba, daga baya aka ja mana famfo, kuma har yau ban ƙara jin wanda ya yi tsaki don warin magani ba. Ɗan ga-ruwa ya gyara kurarsa ya bar unguwar ba sallama. Ba mu ba shi haƙuri yadda ya kamata ba, kuma wannan kunyar tamu ce gaba ɗaya.

Mai walda ba ya gaisawa da gidan abokina, ba wanda ya ga laifinsa. Maman Tilo tana nan. Takan tafasa ruwa ta bar shi ya huce, ta zuba a kwano ta rufe, ta zauna tana kallonsa. Ba ta ƙara kai wa kowa ba. Takalman suna rumfata a cikin leda, mijin ne ya kawo ya ce in cire ƙusar. Na ɗauko filaya sau ba adadi, na mayar. Wani lokaci in rana ta take, titi ya yi tsit, sai in tsinci kaina ina kasa kunne.

Duba-ƙasa bai ƙara bin sawu ba. An sace shanu a ƙauyen gaba, aka zo har gida da mota, ya ce idonsa ya mutu. Idonsa lafiya lau. Tafiya yake yi yanzu kansa a sama, yana kallon rufin gidaje da wayoyin lantarki, ko'ina ban da ƙasa. Mutumin da tun muna yara ban taɓa ganin ya yi tuntuɓe ba, yau duk dutsen unguwar nan ya san babban yatsansa.

Jiya ma ya zo ya zauna a benci, ya miƙo mini takalminsa, bakin ya sake yagewa.

"Sarkin faci, a taimaka."

"Ka riƙa duba gabanka mana," na ce.

"Maman Tilo ta share tsakar gida da safe," ya ce. "Ba takalmi take yawo. Duk inda na sa ido, ga sawunta nan."

Na zura zare a basilla na fara ɗinki.